Ranar da Na Girgiza wa Kuya Rey Kai

Ɗakin da aka kai ni a unguwar Karama ta Dubai gadaje ne masu hawa biyu a jere, kamar ɗakin kwanan 'yan makaranta, nawa kuwa na sama ne, dab da bakin esi. Ejan ɗin da ya yi mini hanya ya ce aikin ofis zan yi, har da kujera mai juyawa. Kujerar da na tarar a wurin aikin, can unguwar Ras Al Khor, tsohuwar taya ce da ake zama a kai a ci abinci. Sito ne na kayan gyaran mota na hannu. Mu sauke inji da giyabos daga kwantena, mu wanke, mu jera, mu loda wa 'yan kasuwa. Na kira lambar ejan har na gaji, daga baya ma wata mata ce ta riƙa ɗagawa tana yi mini wani yare.

Ban taɓa sanin mutum zai gaji liƙis amma ya kasa zama wuri ɗaya ba sai a Dubai. Ranar Juma'a da ba mu aiki, sai in yi ta yawo daga wannan layi zuwa wancan, ina leƙa shagunan da ba abin da zan saya a ciki. Jakata ban taɓa kwance ta ba. In zan sa riga in zaro, in na wanke in mayar. Abin da ya fi ci mini rai kuma ba nauyin inji ba ne. A siton nan kaf babu wanda ya san sunana Nuhu. "Afrika, zo nan." "Afrika, ɗauki wancan." Mai siton ma, wanda kowa ke ce wa Arbab, wato maigida, haka yake kirana.

Wanda ke gadon ƙasa da ni shi ne Habu, Bakatsine, mai aikin kago, wato aika kaya ta jirgi, a kasuwar Deira. Da ya ji ni Bahaɗeje ne sai ya ce Allah ya kawo masa bawa har gida. Shi ne ya nuna mini inda ake samun shayin karak mai kyau, shi ne kuma ya hana ni sakat da tsiya.

"Kai dai ka cika zirga-zirga, habibi," in ji shi. "Gadon nan duk juyin da ka yi a kaina yake ƙarewa. In tafiya za ka yi, yalla, maza ka tafi mu huta."

Da tafiyar zan yi, wallahi. Hankaka ne ya tsayar da ni.

Wata rana muna cin abincin rana a bayan sito, wani hankaka ya sauka a kan katanga yana harin burodina. Na ɗauki wani tsohon noti na wurga masa. Ban same shi ba, amma wani gwangwani da ke gefensa ya yi sama. Ni ban ɗauki abin a bakin komai ba. Na taso ne a gonar shinkafar babana a fadama, ina korar tsuntsaye jan-baki da hoge daga hantsi har faɗuwar rana. Amma wani dattijo ɗan Filifin da ke gyaran giyabos ya ajiye cokalinsa ya zuba mini ido. Rey sunansa, mutanensu na ce masa Kuya, wato yaya. Gajere ne, furfura ta cinye masa kai, yatsunsa duk sun karkace. Ya mayar da gwangwanin kan katanga, ya miƙo mini wani notin. Na sake kakkaɓo shi.

"Yaya sunanka?" ya tambaye ni da Turancinsa mai kama da nawa.

Na faɗa masa. An daɗe ba a yi mini wannan tambayar ba.

Juma'ar da ta biyo ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa zuwa filin wata makaranta. Nan na fara ganin besbol da idona. Wasan ba shi da wuyar faɗa. Mutum ɗaya yana jifa, ɗaya yana tsugune yana cafkewa, a tsakaninsu ga mai gora na abokan karawa yana neman ya bugi ƙwallon. In ya kuskure sau uku, ya fita. In ya buga aka cafke ta a sama, ya fita. In ta faɗi ƙasa, sai ya ruga yana taka tashoshi, wanda duk ya zagayo gida ya ci maki. Mutum tara ake buƙata a fili, in ba ku cika ba an cinye ku ba tare da an buga ba.

Ƙungiyar Kuya Rey ta leburori ce zalla: 'yan Filifin, 'yan Pakistan, wani ɗan Siri Lanka, sai ni. Arbab ne ya ɗinka mana riguna da sunan sitonsa a baya. Ba mu iya ba, gaskiya. Akwai Imran, direban babbar mota, wanda ya taso yana buga kurket, wani wasan gora mai kama da wannan, a garinsu, inda ake cafke ƙwallo da hannu tsirara. Safar fata da ake sawa a besbol ta zame masa bala'i. Ƙwallo za ta zo masa salin-alin, ta faɗa cikin safar, ta yi tsalle ta fita. Sai Kuya Rey ya ɗaga murya daga inda yake tsugune ya ce, "Ta gaba taka ce, Imran." Kullum ta gaba tasa ce.

In an tashi, sai a shimfiɗa leda a inuwar katanga a ci abinci tare. Matar Kuya Rey ta sayi sabuwar tukunya musamman don mu Musulmi, ba abin da ake dafawa a ciki sai kaza. Shi ne kuma ya roƙi masu shirya gasar su bar mana wasan sassafe, don mu samu sallar Juma'a. A wajen ledar nan kowa Nuhu yake ce mini. Na kan dawo Karama in kwanta, Habu ya buga ƙasan gadona ya tambaya ko na mutu ne, don bai ji motsi ba.

Sai dai filin ba namu ba ne. Ƙungiyoyi sun fi lokacin da ke akwai yawa, wasu na jira a layi, kuma ƙa'idar gasar ita ce duk wadda ta zo ta ƙarshe a kakar wasa za ta bar wa wata safiyarta. Mu kuwa a kakar da ta fara ƙarshen 2019, a ƙasan tebur muke ta lilo. Duk wasan da aka cinye mu sai in ji ƙafafuna sun fara ƙaiƙayin yawon nan na da. In aka karɓe filin, na san ba abin da zai hana ni ɗaukar jakata.

Ni ne mai jifa, Kuya Rey ke cafke mini. Kafin kowace jifa yakan nuna mini alama da yatsu a tsakanin gwiwoyinsa: yatsa ɗaya, in jefa ta a miƙe da ƙarfi, yatsu biyu, in murɗa ta ta lanƙwasa. In mai jifa bai yarda da alamar ba, sai ya girgiza kai a canza masa. Haka kowa ke yi. Ni ban taɓa yi ba. Mai lanƙwasar nan tana cin gwiwar hannuna kamar ana soka mini allura, amma in dattijon ya nuna biyu, sai in sunkuyar da kai in jefa.

Wani hutu da muka yi hayar bas muka tafi garin Hatta shan iska, ya ja ni gefe a bakin dam ɗin garin, sauran na can suna gasa kaza. Duwatsun wurin baƙaƙe ne, ba ko ciyawa, amma ruwan ya tuna mini gida.

"Nuhu, me ya sa ba ka taɓa girgiza mini kai ba?"

"Kuya, ai ka girme ni. Ka kusa haifata."

"To sai me?"

Na yi masa bayani cewa a garinmu ba a yi wa babba haka. Ko ido ba ka haɗawa da shi, balle ya ce ga abin da za a yi ka kaɗa masa kai a gaban jama'a. In babana ya ji na yi, sai ya ce ba shi ya haife ni ba.

Ya murza karkatattun yatsunsa. Sannan ya ce, "Babanka ya yi tarbiyya. Amma ni ƙafafun mai gora nake gani, hannunka kuwa kai kaɗai kake jin sa. In ba ka gaya mini ba, ni kaɗai nake wasa, kai kuma kana yi mini aike."

Na ce masa na ji, zan gyara. Juma'ar da ta biyo ya nuna biyu, na sunkuyar da kai na jefa.

Ana nan sai Arbab ya ji labarin sunan sitonsa na shirin zuwa na ƙarshe. Abin ya dame shi, don akwai wani abokin hamayyarsa a kasuwa mai ƙungiya a gasar. Sai ga shi da wani ƙato mai suna Diyego, mai horar da mutane a gidan motsa jiki, wanda aka ce ya taɓa buga wasan don kuɗi a ƙasarsu. Ba zan rage masa komai ba, mutumin ya iya. In ya bugi ƙwallo, ƙarar kaɗai ta isa ta gaya maka ba ajinku ɗaya ba. Cafkewa ce sana'arsa, don haka Arbab ya ce Kuya Rey ya koma benci. Dattijon ya cire kayan kariyarsa ya miƙa.

Muka ci wasa, muka sake cin wani. Habu da ya ji sai ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Dama duk surutun zaman lafiya da cin kaza tare da kake yi mini, na marasa iyawa ne. A kago ma haka ne, ka ba ni mugu mai ƙarfi ya cika mini kwantena, ka riƙe mai fara'arka."

Cin dai muke yi, gaskiya ne. Amma safiyar Juma'a ta daina yi mini daɗi. Diyego ba ya zama a ledarmu, a motarsa yake cin abincinsa da esi a kunne. In mutum ya yi kuskure sai ya cire hular kariyarsa ya zazzage shi tas a gaban kowa. Ni ma "Afrika" yake ce mini, kuma yatsu biyu yake nuna mini ba ji ba gani, har hannuna ya kai ba na iya ɗaga bokiti. Shi ba don girma nake bin sa ba, tsoro ne. Ranar da ƙwallo ta sake tsalle daga safar Imran, Diyego ya taka har inda yake, ya zare safar daga hannunsa ya jefar, ya ce ya koma tuƙin motarsa. Imran ya ɗauki safarsa ya kakkaɓe, ya fita daga filin. Mako na gaba bai zo ba. Ɗan Siri Lankan ma ya ce an sa shi aiki. Wani ya ce ciwon baya. Ga gwani a hannunmu, amma muka tsaya ba mu cika tara ba, aka ba abokan karawarmu wasan muna kallo. Muka sake komawa ƙasa.

Saura wasa ɗaya, a watan Fabrairu. In mun ci, filin namu ne. In an cinye mu, shi ke nan. Makon nan ban zauna ba. Ko abincin rana a tsaye nake ci. Na zaro rigunana daga jaka na ninke na mayar ba dalili. Habu ya ce zai bi ni ya ga abin da ke neman haukata masa bawa.

Da muka isa filin sai na ga Imran zaune a benci yana ɗaure takalmi, ga ɗan Siri Lanka, ga mai ciwon baya. Daga baya na ji cewa Kuya Rey ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya har masaukinsu bayan an tashi aiki. Na Imran can bayan gari yake, dattijon ya je ya zauna a bakin gadonsa ya sha shayi, bai ma yi masa maganar wasa ba sai da zai tafi.

Arbab ya zo da kansa, da farar rigarsa da tabarau. Ya tafa hannu ya ce, "Yalla. Diyego zai cafke, Afrika zai jefa."

Ban shirya komai ba. Na dubi Kuya Rey a benci yana jera mana gorunan ruwa, mutumin da ya tara mu, kawai sai na ji kaina yana kaɗawa. Arbab ya zare tabarau. Wannan fa shi ne mai riƙe da bizata, in ya ga dama gobe ina jirgi. Amma na ce, "Arbab, ka yi haƙuri. Sunana Nuhu. Kuma Kuya Rey zan jefa wa."

Ƙungiyar ba ta da wani mai jifa in ba ni ba, kowa ya sani, shi ma ya sani. Imran ya miƙe ya zo ya tsaya a gefena, sauran suka bi shi. Arbab ya dube mu, ya dubi abokin hamayyarsa da ke can ɗaya gefen yana kallo, ya ce mu yi abin da muka ga dama, amma in aka cinye mu kada in zo masa sito ranar Asabar. Na ɗauka Diyego zai shiga motarsa. Bai shiga ba. Ya tofar da yawu, ya ɗauki wata safar ya tafi tashar farko ya tsaya yana huci.

Wasan ya yi zafi. Su ci, mu rama. Can wajen ƙarshe Diyego ya ɗauki gora ya yi wa ƙwallon wani irin duka, ta haye katangar makarantar ta faɗa titi. Da wannan muka wuce su da maki ɗaya. Da ya zagayo gida ba wanda ya san yadda zai yi da shi, sai Kuya Rey ne ya fara miƙa masa hannu.

Zagaye na ƙarshe, saura mutum ɗaya mu fitar, amma suna da biyu a kan tashoshi suna jiran gudu. Mai gorarsu wani jibgege ne. Hannuna ya riga ya mutu, yatsuna ba sa jin ɗinkin ƙwallon. Kuya Rey ya tsuguna ya nuna biyu. Na san in na murɗa ta, ba za ta kai gare shi ba. Na ɗaga ido na dube shi ta cikin ƙarfen da ya rufe masa fuska, na girgiza kai. Ya sake nuna biyu, ina jin gwada ni yake yi. Na sake girgizawa. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, a irin wannan lokaci. Ya nuna ɗaya.

Na tattara abin da ya rage mini na jefa ta a miƙe. Kada wani ya ɗauka dabara ce ta yi aiki, don mutumin nan ya same ta sosai. Ta tashi sama, ta nufi can gefen da Imran yake. Na ji Diyego ya yi wata ashar da yarensu. Imran yana gudu da baya, yana kallon sama, safar na rawa a hannunsa. Sai ya yarfe ta ta faɗi ƙasa, ya haɗa tafukansa biyu yadda ya saba tun yana yaro. Ƙarar da ƙwallon ta yi a hannunsa har inda nake na ji ta. Ya faɗi zaune, ya ɗaga ta sama, jini na bin ɗan yatsansa.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Hawaye na yi, ba zan ɓoye ba.

A hanyar masallaci Habu ya ce, "Sa'a ce kawai, mutumina. Ba don ƙaton nan ba da kun sha kashi."

"Haka ne," na ce.

"To ka gani."

"Ba don Kuya ya je shan shayi ba kuma, da mu nawa za mu tsaya a filin?"

Ya ce shi dai bai ga shayi ya bugi ƙwallo ba. Har yau ba mu gama wannan musun ba, kuma ina jin ba za mu gama ba. Ranar Asabar na je sito. Arbab ya wuce ni ba tare da ya dube ni ba, ya yi taku kaɗan, sannan ya ce, "Nuhu, kwantenar can."

Filin da muka sha wuya a kansa ko ɗumin benci ba mu sake ji ba. Korona ta shigo, aka sa masa kwaɗo, aka kulle gari. Kasuwa ta tsaya, aka fara rage ma'aikata, kuma da dattawa aka fara. Kuya Rey na cikin na farko.

Ranar da zai tafi na je ƙofar gidansu da hantsi. Kowa da takunkumi a fuska, an hana musabaha, sai muka tsaya nesa da juna kamar masu faɗa. Matarsa ta ajiye mini tukunyar kazar a kan dakali ta ja da baya. Ya ce in aka buɗe filin safiyar tamu ce, kada in bari ta tafi, in kuma kira Diyego, don shi ma ba shi da kowa a garin nan. Sannan ya tambaye ni jakar nan tawa, ko har yanzu a ɗaure take. Na ce na zazzage ta, tana ƙarƙashin gadon Habu.

Kuya Rey ya shiga tasi aka rufe ƙofa. Motar ta fara motsi, sai na ga ya manna hannunsa a jikin gilashi, karkatattun yatsu biyu suna kallon ƙasa. Na tsaya a bakin titi rungume da tukunya, na dube shi ido cikin ido, na girgiza masa kai. Kafaɗunsa na rawa har motar ta sha kwana.